Tsallaken Wuta a Tsohuwar Mota Mai Kafireto: Yadda Ake Kama Ciwon da Ke Zuwa Yana Tafiya

A cikin matsalolin da tsohuwar mota ke zuwa da su, babu wadda ta kai tsallaken wuta mai zuwa yana tafiya cin kuɗi da cin rai. Motar da ta ƙi tashi ɗungurum ciwonta a fili yake, gwani ba zai daɗe ba zai gano inda wuta ko mai ya yanke. Wadda ke ba da wahala ita ce mai tafiya lafiya lau, can a tsakiyar hanya ta fizga sau biyu, ta shaƙe, sannan ta sake ta ci gaba kamar ba ita ba. A gareji sai ka ji an ce tana misin, ko tana jakin. Mai mota ya kawo ta da safe, a tayar da ita, inji ya yi ta bugawa sumul, bakanike ya kasa kunne bai ji komai ba. Daga nan ake shiga canje-canje: yau filogi, gobe kwayil, jibi a kwance kafireto. Kuɗi na fita, ciwo na nan.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968 ta kuma zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, a Kaduna aka riƙa harhaɗa ta bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, aka ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da dainawa. Ita ce ta yi jigilar fasinja tsakanin Kano da Maiduguri, da Sakkwato da Kaduna, ita ce motar ma'aikaci da ta sarauta. A Legas kuma an harhaɗa Volkswagen Beetle. Har gobe akwai masu riƙe da waɗannan motoci, wasu don sana'a, wasu don gadon iyaye ne, wasu don sha'awa. Abin da nake son tabbatarwa a wannan sharhi guda ne: irin wannan ciwo ba a kama shi da sayen kaya. Ana kama shi ne da sanin yanayin da yake zuwa, sannan a bi gwaji daki-daki, abu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke faruwa a cikin inji

Kafin silinda ta buga, abu huɗu ne dole su haɗu. Na farko cakuɗar iska da fetur daidai gwargwado, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur idan an auna da nauyi. Na biyu matsi, wato fistin ya danne cakuɗar ba tare da ta sulale ta bawul ko ta ringi ba. Na uku tartsatsi mai ƙarfi a bakin filogi. Na huɗu tartsatsin ya zo a kan lokacinsa. Ɗaya ya yi rauni, silinda ta tsallake bugunta, direba ya ji fizga.

Lissafi kaɗan zai nuna girman aikin. Inji mai silinda 4 yana bukatar tartsatsi biyu a kowane juyi. Idan yana juyi 3,000 a minti, tartsatsi 6,000 ke nan a minti, wato 100 a kowace daƙiƙa. A tsohuwar mota duk wannan nauyi a kan ɗan ƙaramin kwantak yake, wanda ke buɗewa yana rufewa a cikin distirbita. Tsari ne da Charles Kettering ya fito da shi a Amurka, aka sa shi a motar Cadillac ta 1912. Batir ya ba da wuta mai ƙarfin bolt 12, kwantak ya buɗe ya yanke ta, kwayil ya ɗaga ta zuwa dubbai masu yawa, rota ta raba ta ga filogi huɗu bisa jeri, 1-3-4-2 a 504, 1-4-3-2 a Beetle. Ko ɗaya cikin ɗari ne ya faɗi, direba zai ji fizga kowace daƙiƙa.

Motocin zamani suna da kwamfutar da ke ajiye labarin kuskure. Tun 1996 aka wajabta tsarin OBD-II a motocin da ake sayarwa a Amurka, shi ya sa yau ake jona na'ura ta faɗi silindar da ta tsallake. Mota mai kafireto ba ta ajiye komai. Abin da ya faru a hanya yana kan direba ne kawai, saboda haka bakinsa shi ne na'urar gwaji ta farko.

Tambaya kafin sifana

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara ɗaukar sifana. Zama yake yi da mai mota.

"Alhaji, da sanyin safiya take yi, ko sai ta yi zafi?"

"Sai na yi tafiya mai nisa, Malam. Da safe ba ruwanta."

"A hawan tudu ne, ko a miƙaƙƙiyar hanya? In ka ɗaga ƙafa daga totur tana sakewa? Fizga take yi kai tsaye, ko sanyi take yi a hankali kamar ana jan ta baya?"

"A hankali take mutuwa. In na tsaya na ɗan huta sai ta dawo daidai."

"To, ranka ya daɗe, ba za mu taɓa filogi ba tukuna. Hanyar mai za mu fara bi."

Kowace tambaya a nan tana rage yawan abin zargi. Yanke wuta kaifi gare shi: fizga ɗaya mai ƙarfi, sai inji ya dawo nan take. Ƙarancin mai kuwa a hankali yake zuwa, mota ta yi nauyi, ta ƙi amsa totur, wani lokaci ta yi atishawa ta bakin kafireto. In mai ya yi yawa sai baƙin hayaƙi da warin fetur, har da harbi ta salansa.

Lokacin zuwan ciwon ma magana yake yi. In da safe ne kawai, musamman da damina ko bayan an wanke inji, a zargi laima a murfin distirbita da wayoyin filogi, ko cok da bai rufe daidai ba. In sai inji ya yi zafi, a duba kwayil da kondansa da bawul da aka matse fiye da kima, da kuma tafasar fetur a cikin bututu. In a silo ne kawai, inji na tsaye yana kakkarwa amma a guje ba komai, hankali ya koma kan iskar da ke sata ta shiga, ko ƙaramin jet da ya toshe. In a hawan tudu ne da babbar giya, wuta ce ta yi rauni, domin a lokacin matsin cikin silinda ya fi yawa, tartsatsi na bukatar ƙarin ƙarfi kafin ya tsallaka bakin filogi, sai ya nemi hanya mafi sauƙi ta tsagar waya ko ta murfi. In a gargada ne ko a kwana, akwai abin da ke motsi: sakakkiyar waya, makullin tayar da mota da ya ci, ko datti da ruwa da ke yawo a kwanon kafireto.

Akwai tambaya guda da ta fi sauran amfani: silinda ɗaya ce ke faɗuwa kullum, ko faɗuwar yawo take yi? Abin da ke yi wa dukkan silindodi hidima, irin su kwayil da kwantak da kondansa da rota da famfon mai da kafireto, in ya lalace ciwon ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ke yi wa silinda guda hidima, wato filoginta da wayarta da bawul ɗinta, ciwonsa a nan yake tsayawa. Wanda ya raba waɗannan biyu ya yi rabin aiki.

A fara da wuta

Abin da aka fi yi a garejinmu shi ne a far wa kafireto, domin shi ne a sama, kuma yana da sukurori masu saurin juyawa. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Kafireto abu ne mai jimiri, ba shi da sassa masu gudu da yawa, ba ya sauya saiti da kansa tsakanin safe da yamma. Ɓangaren wuta ne ke gogayya da zafi da girgiza kowace daƙiƙa. Ƙari a kan haka, ba a iya saita kafireto daidai a kan injin da wutarsa ba ta daidaita ba. In an juya sukurori don a rufe ciwon wuta, an haifi ciwo na biyu a kan na farko.

A ciro filogi huɗun a jera su a kan tsumma yadda suke a inji, kada a cakuɗa. Lafiyayyen filogi bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, a bushe. Baƙi mai laushi kamar toka yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na hawowa ta ringi ko ta hanyar bawul. Fari fat alamar ƙarancin mai ne ko zafi ya yi yawa. In uku sun yi kama ɗaya ya bambanta, an san ɗakin da za a shiga. A duba farin tangaran ɗin jikinsa da kyau. Siririn baƙin layi da ya gangaro a kai sawun wuta ne da ke bin waje maimakon ciki. Tazarar baki a waɗannan injuna wajen milimita 0.6 zuwa 0.7 ce, kuma da ma'auni ake saita ta, ba da ido ba.

Wayoyin filogi suna da gwajin da ba ya cin ko sisi. A jira dare, a kai mota wuri mai duhu amma a sarari, a buɗe bonet a tayar da inji, a ja da baya a zuba ido. In rigar waya ta tsufa, za a ga 'yan shuɗayen tartsatsi suna tsalle daga waya zuwa ƙarfen inji, ana jin ƙas-ƙas ɗinsu a hankali. In aka fesa ruwa kaɗan kamar raɓa a kan wayoyin inji ya fara tuntuɓe, magana ta ƙare. Kada a kama waya da hannu inji na aiki, kuma a yi nesa da fanka da fanbel.

Sai a buɗe distirbita. A juya murfin a haska cikinsa: tsaga, ko layin baƙi tsakanin ƙarafa, ko ɗan gawayin tsakiya da ya cinye, kowanne ya isa ya kawo tsallake. Kwantak tazararsa wajen milimita 0.4 ce. Robar da ke gogar sandar distirbita tana cinyewa a hankali, tazara ta ragu, taimin ya ja baya ba tare da kowa ya taɓa shi ba. In fuskar kwantak ta ƙone ta yi rami a gefe ɗaya da tudu a ɗayan, a zargi kondansa. A kama sandar da rota ke kai a girgiza ta gefe da gefe. In tana wasa, bushin ya ci, kuma duk saitin da aka yi a tsaye zai watse da zarar inji ya ɗauki gudu. Akwai kuma wata siririyar waya a ciki da ke lanƙwasa duk lokacin da farantin kwantak ya motsa. Takan karye a cikin rigarta, waje lafiya, ciki a tsinke, ta haɗu ta rabu yadda ta ga dama. Wannan 'yar waya ta sa an sayi kwayil da yawa a banza.

Kwayil da kondansa su ne masu ciwon zafi. Da sanyi su yi aiki, da sun gasu su yanke, bayan hutun minti kaɗan su dawo. Gwada su a sanyi ba ya nuna komai. Sai an kama su a lokacin da ciwon ke kai, a duba tartsatsi nan take a gefen hanya. A kuma tabbatar kwayil ɗin irin na motar ne. Akwai wanda aka yi shi ya yi aiki tare da abin rage wuta, in aka jona shi kai tsaye zai yi zafi ya ƙone kwantak. Daga ƙarshe a bi wayar da ta haɗa inji da jikin mota, da kawunan batir, a kankare tsatsa a ɗaure tam.

Sannan hanyar mai

In wuta ta fita daga zargi, a bi fetur tun daga tanki, ba daga kafireto ba. Tankin da ya shekara arba'in yana da tsatsa a gindinsa. Ɓarɓashin na taruwa a bakin bututu in ana gudu, mai ya ragu, mota ta yi sanyi; in aka kashe inji sai ya koma ƙasa, mota ta tashi lafiya. Haka ma in hanyar shan iskar tanki ta toshe: famfo na zuƙa, iska ba ta shiga ta maye gurbi, har mai ya daina tafiya. Alamarsa ita ce in aka buɗe murfin tanki a lokacin a ji iska ta shige da ƙarfi, mota kuma ta warke nan take.

Ingancin man kansa abin dubawa ne. Ba a manta da farkon 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, motoci suka lalace, layuka suka dawo gidajen mai. Wanda ke sayen na galan a bakin titi kuma bai san abin da ya zauna a gindin jarka ba. Gwajin mai sauƙi ne: a tsiyayi kaɗan a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a ga layinsa ƙarara. A tsiyaya ta bututu, kada a zuƙa da baki. Fetur in ya shiga huhu yana yin mummunar illa, kuma yaran gareji da yawa sun ɗauki wannan ɗabi'a kamar ba komai ba.

Zafinmu ma yana da hannu. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet cikin cunkoso. Fetur kan tafasa a cikin bututun da ya kusanci hanyar hayaƙi, famfo ya riƙa tura tururi maimakon mai. Maganinsa a nisanta bututun da zafi, a kuma mayar da faifan kariyar da ke ƙarƙashin kafireto in an taɓa cire shi. Da hunturu kuwa ƙura ce ke toshe matatar iska, mai ya rinjayi iska, filogi su yi baƙi. Cire matatar a yar, kamar yadda wasu ke yi, yana buɗe wa ƙura hanya ne ta cinye ringi da silinda.

Sai bayan duk wannan ake buɗe kafireto, irin Solex da ke kan yawancin waɗannan motoci. A duba ko fulot ya huje ya sha mai, ko allurarsa na maƙalewa, ko akwai datti a gindin kwano. A leƙa maƙogwaronsa inji a kashe, a danna totur: ya kamata a ga siririn mai ya feso. In bai feso ba, shi ne dalilin shaƙewar da ake ji da zarar an taka. Jet da iska ake hure shi, ba a zura masa waya, domin ramin in ya faɗaɗa ba ya komawa.

Iskar sata da matsin inji

Duk iskar da ta shiga inji ba ta kafireto ba, ta ɓata lissafi. Takan shiga ta gaskit ɗin gindin kafireto, ko ta manifol, ko ta tsagaggen tiyo, ko ta sandar totur da ta cinye mazauninta. Ƙarfe na buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, shi ya sa irin wannan ɓaraka ke zuwa tana tafiya. In taka birki na sa inji tuntuɓe, a duba tiyo da tukunyar da ke taimaka wa birki. Hanya mafi aminci ita ce a riƙa matse tiyo ɗaya bayan ɗaya ana sauraren canjin sauti. Watsa fetur a kan inji mai zafi don neman ɓaraka wasa da gobara ne.

Bawul ma a auna tazararsa inji na sanyi. A Beetle milimita 0.15 ce, kuma silinda ta 3 ce aka san ta da yawan zafi. Bawul da aka matse ba ya zama daidai in ya yi zafi ya miƙe, matsi ya sulale, a ƙarshe ya ƙone. Ma'aunin matsi zai nuna gaskiya: silindodi huɗu su kusanci juna, bambancin kada ya wuce wajen kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata baƙin mai kaɗan a sake aunawa. In ta tashi ringi ne, in ba ta tashi ba bawul ne ko gaskit. Injin da ke tsallake da safe na ɗan lokaci, ruwan lagireto kuma na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, gaskit ɗin kan inji ne abin zargi.

Inda ra'ayi ya rabu

Wasu kanikawa na ganin tunda filogi da kwantak da kondansa ba su da tsada, gara a canza su gaba ɗaya a huta. Suna da hujja in kayan sun daɗe ba a taɓa su ba. Matsalar ita ce kasuwa cike take da jabun kaya, sabon kondansa kan zo a mace ko ya mutu cikin mako. In an canza abu biyar rana ɗaya ciwo ya ƙaru, ba a san wanne ya jawo ba. In ya warke, ba a koyi komai ba. Ni dai ina tare da masu cewa a canza ɗaya, a fita gwaji a irin hanya da irin zafin da ciwon ke zuwa, a kuma ajiye tsohon kada a yar, har sai an tabbatar.

Wasu kuma na cewa a cire kwantak a sa na'urar lantarki ta zamani a cikin distirbita. Gaskiya ne tana kawar da cinyewar kwantak, taimin kuma ya zauna. Amma ba ta gyara tsagaggen murfi ko tanki mai tsatsa, kuma in ta mutu a daji ba a gyara ta da sukundireba yadda ake lallaɓa kwantak. Wanda zai sa ta ya fara gano ciwonsa tukuna, sannan ya ajiye tsofaffin kayan a but.

Abin da bai kamata a yi saɓani a kai ba shi ne barin ciwon. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya gangara ya tsinka na cikin inji, ringi da metal su ci kafin lokacinsu. Ga asarar mai a zamanin da aka cire tallafi tun 2023. Mafi muni, motar da ke shaƙewa lokacin da direba ya fito zai wuce tirela barazana ce ga rayuka.

Kirana ga mai mota shi ne ya riƙa lura yana rubutawa: yaushe ciwon ya zo, a wace giya, inji da zafi ko da sanyi, tanki a cike ko a ƙasa, a ina aka sha mai na ƙarshe. Ya je wa bakanike da wannan bayani, ya kuma yarda ya biya ladan bincike kamar yadda yake biyan kuɗin kaya, domin rashin biyan ladan bincike ne ke tura kanikawa ga canje-canje. Kirana ga iyayen gidan gareji kuma, waɗanda suka ƙware a kan waɗannan injuna tun suna sababbi, su zaunar da yaransu su koya musu karanta filogi, da auna tazara, da sauraren inji. Yaron da ya iya bin wuta da mai da iska da matsi bisa tsari a kan 504, ba zai ruɗe ba ranar da kwamfuta ta ba shi lamba a kan motar zamani, domin abu huɗun nan su ne dai har yau.